Wa Zai Biya Bashin da Gwamnati Ke Ci?

A watan Afrilun 2006 ne Najeriya ta biya kaso na ƙarshe na bashin da ƙasashen ƙungiyar Paris Club ke bin ta. Yarjejeniyar da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙulla a 2005, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, ta tanadi cewa daga cikin kusan dala biliyan 30 da ake bin ƙasar, za ta biya biliyan 12 da ɗoriya, a yafe mata biliyan 18. Da aka kammala, bashin waje ya sauko zuwa kimanin dala biliyan 3 da rabi, aka yi ta murna cewa an sauke wa 'ya'ya da jikoki kaya. Ba a cika shekara 20 ba aka koma gidan jiya. A ƙarshen 2024, alƙaluman Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, DMO, sun nuna bashin waje ya haura dala biliyan 45, bashin gwamnatin tarayya da na jihohi kuwa, na gida da na waje a haɗe, ya wuce naira tiriliyan 144. A tsakiyar 2015 wannan adadi bai wuce tiriliyan 12 da 'yan kai ba. Gaskiya ne faɗuwar darajar naira ta kumbura lissafin, domin bashin dala yakan ninka a kan takarda duk lokacin da naira ta karye. To amma ko da dala aka auna, bashin waje ya ninka na 2006 fiye da sau 12.

Mutane da yawa na jin waɗannan alƙaluma a rediyo su ɗauka magana ce ta manya, tsakanin Abuja da bankunan Turai. Ba haka ba ne. Gwamnati ba ta noma, ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da wata dukiya da ta wuce ta jama'a. Ko man fetur ɗin ma arzikin 'yan ƙasa ne aka ba ta amana. Saboda haka duk nairar da ta kashe, daga aljihun wani ta fito, kuma hanyoyin fitowarta uku ne. Ko dai a karɓa yau da sunan haraji, ko a ci bashi a karɓa gobe tare da kuɗin ruwa, ko kuma a ƙirƙiri sabon kuɗi a Babban Banki, wanda zai rage wa kuɗin da ke hannun kowa daraja ba tare da an aiko masa takarda ba. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne, nauyin gwamnati a kan talaka ba a auna shi da abin da ta karɓa na haraji kawai, da abin da ta kashe ake auna shi. Matuƙar ba a yi wa kashe kuɗi iyaka ba, sauya dokar haraji da neman sabon mai ba da rance duk canja wa kaya kafaɗa ne, nauyin yana nan.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan magana ba ce. Cikin abubuwan da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a littafinsa Kitabul Farƙ akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora musu ba, ya kuma ambaci jangali da kuɗin gari a cikinsu. Da Turawa suka zo, sai suka tattara haraji wuri guda suka ce a biya da tsabar kuɗi, abin da ya sa magidanci da dama noman gyaɗa ko tafiya cin rani domin kada ya sha kunya a gaban dagaci. Tsofaffi har yau suna tuna lokacin da ake shanya mutum a rana ko a sayar masa da akuya saboda kuɗin haraji. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta gina farin jininta a kan wannan ƙorafi, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. An yi daidai. Sai dai akwai abin da ya ɓace tare da zuwan kuɗin mai: wanda ya ƙirga kuɗi da hannunsa ya miƙa wa mai unguwa ya san cewa shi ke ciyar da hukuma, yana kuma da bakin tambaya. Da kuɗi suka koma zuwa daga Abuja duk wata, sai aka fara kallon gwamnati a matsayin mai kyauta, ana gode mata idan ta haƙa rijiya, kamar daga gidan ubanta ta ɗauko. Harajin bai tafi ba. Ya koma inda ba a ganinsa ne.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar rancen da gwamnatin tarayya ta riƙa karɓa daga Babban Bankin Najeriya. Dokar bankin ta 2007, a sashe na 38, ta ba shi damar ya ranta wa gwamnati kuɗi na ɗan lokaci idan kuɗin shiga suka yi jinkiri, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekarar ta ƙare. A 2015 wannan rance bai kai naira tiriliyan 1 ba. Zuwa ƙarshen mulkin Muhammadu Buhari, lokacin da Godwin Emefiele ke gwamnan bankin, ya kai tiriliyan 22.7. An yi fatali da iyakar da doka ta sa shekara bayan shekara, kuma maimakon a tuhumi wani, sai Majalisar Tarayya ta amince a watan Mayun 2023 a mayar da kuɗin bashi na shekara 40 mai kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100. Yaron da aka haifa a shekarar zai yi furfura kafin a gama biya. A 2024 kuma majalisar ta zartar da ƙudirin ɗaga iyakar daga kashi 5 zuwa kashi 10.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne daga ina bankin ya samo waɗannan tiriliyoyi. Ba ajiyar kowa ya ɗauko ba, ƙirƙirar su ya yi a asusun gwamnati. Kuɗi suka ƙaru a gari, amma buhunan masara da ke Dawanau ba su ƙaru ba, shanun da ke kara ba su ƙaru ba, dalar da ke shigowa ƙasa ba ta ƙaru ba. Idan kuɗi masu yawa suka bi kaya kaɗan, farashi ne ke tashi. Ba shi kaɗai ne musabbabin tsadar rayuwa ba, domin rashin tsaro da ya hana noma, da rufe iyakoki a 2019, da cire tallafin mai da sakin naira a 2023 duk sun taka rawa, amma shi ne tushen da aka fi ɓoyewa. A watan Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A duba matar da ta shiga adashi a watan Janairu da niyyar sayen keken ɗinki idan ɗaukarta ta zo a ƙarshen shekara. Ba ta fasa zubi ko sau ɗaya ba, uwar adashi ba ta ci mata ko sisi ba, amma ranar da ta karɓi kuɗinta ta je kasuwa, sai ta tarar sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu. Wannan haraji ne, kuma shi ne mafi zalunci a cikin haraji, domin mai kuɗi yakan ɓoye dukiyarsa a fili da gida da dala, waɗanda ke tashi tare da farashi, talaka kuwa da ɗan albashi da ɗan fansho duk abin da suka mallaka naira ce.

Bashin da ake ci a bayyane ma yana da nasa cizon. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi da kuɗin ruwansa ya cinye kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wato kusan duk albashi da aikin da aka yi a shekarar da sabon bashi aka yi su. Lamarin ya ɗan sassauta daga baya, amma a kasafin 2025 na kusan naira tiriliyan 55, an ware sama da tiriliyan 14 don biyan bashi, adadin da ya fi abin da aka ware wa ilimi da lafiya a haɗe. Akwai kuma wata ɓarna da ba ta fitowa a kasafi. Idan gwamnati ta shiga kasuwar kuɗi tana sayar da takardun lamuni da riba mai kusan kashi 20 cikin 100, kamar yadda aka gani a 2024, babu bankin da zai wahalar da kansa wajen bai wa mai injin casar shinkafa a Kura ko mai masaƙa a Sharaɗa rance mai sauƙi. Don me zai yi kasada da ɗan kasuwa alhali gwamnati na biyan riba mai tsoka ba tare da haɗari ba? Sai ɗan kasuwar ya ji an ce masa kashi 30, ya haƙura da faɗaɗa sana'a, matasan da zai ɗauka aiki su ci gaba da zaman majalisa a bakin titi. Babu wanda ke ƙirga ayyukan da ba a samar ba, amma asararsu ta gaske ce.

To ina kuɗin suka tafi? Wani kaso mai girma ya tafi ne inda gwamnati ta shiga sana'ar da ba tata ba. Tallafin man fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma wanda ya fi yawan motoci da janareto shi ya fi cin moriyarsa, ban da wanda ake tsallakawa da shi ƙasashe maƙwabta, inda aka daɗe ana sayar da man Najeriya a kwalabe a bakin titunan Maraɗi da Ƙonni. Matatun mai na gwamnati da ke Fatakwal da Warri da Kaduna sun shafe shekaru ba sa tace abin kirki, ana biyan albashi, ana ware kuɗin gyara. A 2021 an amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal kaɗai. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa a 1979 tare da injiniyoyin Tarayyar Sobiyet, har yau bai kai ga sarrafa ƙarfe daga tama kamar yadda aka tsara ba, amma yana da ma'aikata da kaso a kasafi kowace shekara. Shirin bai wa manoma rance da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya raba sama da naira tiriliyan 1, kuma kaso mai yawa bai dawo ba, saboda da dama daga waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Sai kuma kuɗin riƙe gwamnatin kanta. A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomi da cibiyoyin gwamnatin tarayya 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, domin da yawansu aiki ɗaya suke yi. Gwamnati uku sun yaba wa rahoton, ta uku ma ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa za ta aiwatar da shi, amma a tsawon waɗannan shekaru majalisa ba ta daina ƙirƙiro sababbin hukumomi ba, kowace da shugaba da 'yan kwamiti da motoci da ofis a Abuja. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A 2023, shekarar da aka ce wa talaka ya ɗaure ciki, aka naɗa ministoci sama da 40, aka kuma saya wa 'yan majalisa manyan motoci. Masana za su ce duk waɗannan ba su kai kaso mai girma a kasafi ba, kuma da gaskiyarsu. Amma shugaban da bai rage nasa ba, ba shi da bakin da zai nemi haƙurin jama'a, kuma gyaran da jama'a ba su yarda da shi ba ba ya ɗorewa.

Masu kare cin bashi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce bashi hanji ne, yana cikin kowa: Amurka na da bashin da ya haura dala tiriliyan 35, na Japan ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, alhali na Najeriya bai wuce kimanin rabin abin da take samarwa ba. Matsalar wannan hujja ita ce ba da girman tattalin arziki ake biyan bashi ba, da kuɗin da ke shiga baitulmali ake biya. Amurka da Japan na cin bashi da kuɗin ƙasarsu, da riba ƙalilan, kuma duniya na rububin dala. Najeriya kuwa da ta sayar da takardun lamuni na dala biliyan 2.2 a kasuwar Turai a Disambar 2024, ribar da ta amince ta biya ta kai kashi 9.6 da kashi 10.4 cikin 100, a kuɗin da ba ita ke buga shi ba. Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ba sai ya yi nisa ba. Ghana ta riƙa shiga wannan kasuwa kusan kowace shekara, ana yabon ta, har zuwa Disambar 2022 da ta sanar ba za ta iya ci gaba da biyan mafi yawan bashinta na waje ba, a watan da hauhawar farashi ta haura kashi 54. Aka tilasta wa masu takardun lamuni na cikin gida su karɓi sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a harabar ma'aikatar kuɗi a Accra, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalan ƙasar, Sophia Akuffo, ta zauna tare da su. Waɗanda suka ci bashin ba su ne suka zauna a rana ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ƙasar da ba ta da titi da jirgin ƙasa da wuta ba za ta ci gaba ba, kuma babu yadda za a gina su da kuɗin shekara guda. Na yarda. Bashin da aka ci aka yi aikin da zai daɗe, ya kuma haɓaka kasuwanci har ya biya kansa, yana da hujja, kuma adalci ne waɗanda za su mori aikin nan gaba su sa hannu a biyansa. Takardun Sukuk da aka fara sayarwa a 2017 da naira biliyan 100 sun nuna yadda za a iya yi, domin an ɗaure kuɗin ga wasu tituna da aka ambata da suna, ana iya zuwa a ga aikin da ido. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma abin da ta ce ke nan: a ci bashi don manyan ayyuka da gina ɗan Adam kawai, kuma giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa. An sha tsallake wannan iyaka. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, cikin tiriliyoyin da aka ciwo tun 2015, nawa ne suka zama layin dogo da gada, nawa kuma suka tafi tallafin mai da albashi da biyan tsohon bashi? A shekarar da biyan bashi ya cinye kusan duk kuɗin shiga, amsar a bayyane take.

Hujja ta uku ita ce wadda jami'an gwamnati da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, suka fi maimaitawa: matsalar Najeriya ƙarancin kuɗin shiga ce, domin harajin da ake tarawa bai wuce kimanin kashi 10 zuwa 11 cikin 100 na tattalin arziki ba, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka ya kai kusan 16. Alƙaluman gaskiya ne, amma ba su ƙirga abin da ɗan Najeriya ke biya a zahiri ba. A bi motar albasa daga Aliero zuwa Legas. Tun a wajen lodi za a yanka wa direba rasit na ƙaramar hukuma da na ƙungiya, a hanya kuma kowace jiha da nata: na amfanin gona, na sitika, na tsaftar muhalli, ga shingayen da ba su da rasit ko kaɗan, inda ake miƙa kuɗi ta taga mota ba ta gama tsayawa ba. Duk wannan yana shiga farashin albasa, yana kuma fita daga ribar manomi. Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta da kansa ya ce akwai sama da iri 60 na haraji a hukumance, ban da na bayan fage. Sannan ɗan Najeriyar nan shi ke haƙa wa kansa rijiyar burtsatse, ya sayi janareto, ya biya makarantar kuɗi, ya biya 'yan sintirin unguwa. Ya biya gwamnati, ya kuma sake biyan abin da ya kamata gwamnati ta yi.

Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun gyara wasu abubuwa da suka cancanci yabo: an ɗauke harajin albashi daga wanda ba ya samun fiye da naira 800,000 a shekara, an sassauta wa ƙananan kamfanoni, an bar harajin VAT a kashi 7.5 bayan da aka so a ƙara shi. Haraji kaɗan, mai sauƙin fahimta, da kowa ke biya, ya fi tarin haraji da mai hanya ke zillewa. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya lura a Muƙaddimarsa cewa daula takan tara kuɗi mai yawa lokacin da take ɗora wa mutane kaɗan, domin suna da ƙwarin gwiwar nema, idan kuma ta tsufa ta saba da almubazzaranci, sai ta yawaita haraji, kasuwa ta mutu, abin da take samu ya ragu. Abin lura a muhawarar da aka yi kan waɗannan dokoki shi ne, mafi zafinta a kan yadda za a raba kuɗin VAT tsakanin jihohi aka yi ta. Gwamnonin Arewa da na Kudu sun yi ta kai ruwa rana kan rabo. Ba a ji irin wannan zafi kan yadda za a rage kashewa ba. Kuma tarihinmu ya nuna ƙarin kuɗin shiga ba ya rage bashi da kansa. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, aka riƙa rabon sa har a shekarun da gangar mai ke sama da dala 100, har da farashi ya faɗi, a 2015 jihohi da yawa suka kasa biyan albashi sai da aka yi musu ceto.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta zuciya, kuma ita ta fi damun mutanen Arewa: a ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin uku kuma a Arewa suke, in gwamnati ta janye hannu, wa zai kula da talaka? Amsar ita ce ba a ce gwamnati ta janye daga aikinta ba, cewa aka yi ta koma kansa. Sashe na 14 na tsarin mulki ya sa tsaro da jin daɗin jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Yau a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kuma haraji suke kiran abin. Babu ɗan kasuwar da zai iya samar da tsaro da shari'a a madadin hukuma. Wannan aiki nata ne ita kaɗai, kuma nan ne ta fi gazawa, yayin da take riƙe da matatar mai da kamfanin ƙarfe. Haka makarantar firamare da asibitin ƙauye da rigakafi da titin da zai kai amfanin gona kasuwa. Biliyoyin naira na ilimin bai-ɗaya sukan yi shekaru a asusun hukumar UBEC saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba, jihohin da wasunsu ke gina filin jirgin sama da ba jirgin da ke sauka.

Inda gwamnati ta ja baya ta tsaya a matsayin alƙali, an ga bambanci. Kafin 2001, kamfanin NITEL na gwamnati bai iya samar da layukan waya rabin miliyan ba a faɗin ƙasar, samun layi sai da hanya da jiran shekaru. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, aka sayar da kowane lasisi a kan dala miliyan 285, wato gwamnati ta samu kuɗi maimakon ta kashe, yau kuma layuka sun haura miliyan 150, har mai kiwo a daji yana jin farashin kara kafin ya kora dabba. Za a ce ai an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 amma wutar ba ta gyaru ba. Gaskiya ne, kuma darasi ne. An miƙa kowane yanki ga kamfani ɗaya ba tare da abokin gasa ba, da yawan masu sayen da bashin banki suka saya ba su da jarin gyara, gwamnati kuma ta ci gaba da riƙe manyan layukan dakon wuta da ƙayyade farashi. Sayar da kadarar jama'a ga 'yan lele ba rage gwamnati ba ne. Abin da ya yi aiki a harkar waya shi ne gasa a fili da dokar da ta hau kan kowa. Masu cewa matsalar cin hanci ce ba girman gwamnati ba su ma su duba nan: kowane lasisi, kowane tallafi, kowane farashin dala na musamman ƙofa ce, kuma an ga abin da ya faru lokacin da mai hanya ke sayen dala a farashin gwamnati ya sayar a kasuwar Wapa. Addu'ar samun shugaba nagari tana da kyau, amma rage yawan ƙofofin ya fi tabbas.

Abubuwan da ake bukata ba sababbi ba ne, yawancinsu suna rubuce a dokokin da muke da su. A tsayar da iyakar rancen Babban Banki a kashi 5, a sa hukunci a kan gwamnan banki da ministan da suka tsallake ta. Duk bashin da za a ciwo a bayyana aikin da za a yi da shi, da kuɗin ruwansa, da shekarar da za a gama biya, kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Kada a kafa sabuwar hukuma sai an rushe wata. Kamfanonin da suka shekara 40 suna cin kasafi a sayar da su a gwanjon da kowa zai gani, ko a rufe. Wannan kuma bai tsaya a Abuja ba. Tun bayan cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ana buga adadin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata-wata, DMO kuma na buga bashin da ake bin kowace jiha. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malamai da 'yan jarida na kowane gari suna iya ɗaukar waɗannan takardu su zauna da shugaban ƙaramar hukumarsu da ɗan majalisarsu na jiha, su nemi a nuna musu layi-layi inda kuɗin watan jiya suka shiga, da dalilin da ya sa ake neman sabon rance.